Harsashin da Surukina Ya Zaɓa Mini

Shekaru sun ɗan ja yanzu, abubuwa da yawa sun faru da ni a ƙasar nan na manta da su, amma kakar da surukina ya zaɓa mini harsashin farauta, wannan kam ba na jin akwai ranar da za ta fita daga raina. Na san mai karatu zai ce me ya haɗa injiniya mai zaman ofis da farauta, me kuma ya kawo suruki cikin zancen bindiga. Bari in ɗauko labarin daga tushe.

A lokacin muna zaune a garin Beltsville da ke jihar Maryland, ni da matata da 'ya'yanmu mata biyu, a wani ɗan gida mai fili a baya. Kullum da safe nakan ajiye mota a tasha, in hau jirgin ƙasa na Metro zuwa ofishinmu da ke arewa maso yammacin Washington. Matata ma'aikaciyar jinya ce, kuma mace ce mai son shuka. Duk bazara sai ta shuka yakuwa da kuɓewa da alayyafo a bayan gida, duk bazara kuma sai barewa sun shigo sun yi mata aski. Unguwarmu tana jikin kurmi, barewa a can sun fi awakin ƙauyenmu rashin kunya, kuma doka ta hana a taɓa su a cikin unguwa. Sai dai ka tsaya ta taga kana kallon nama yana cin miyarka.

A ofis akwai wani dattijon Bature da teburinmu ke kallon juna, ya kusa ritaya. Yana da gonar gado a duwatsun yammacin Maryland, can yake farauta duk shekara. Sau biyu yana kawo mini naman barewa, ina yi masa godiya ina mayar masa, don ban san yadda aka kashe ta ba. Da na yi masa bayani bai ji haushi ba. Ya ce, “To ai sai ka zo ka harbi taka, ka yi mata yadda addininku ya ce.” Maganar ta zauna mini. Na je na yi kwas ɗin da ake yi wa masu son farauta, na ci jarrabawa, na karɓi lasisi. Matata ta yarda, amma da sharaɗi. Ta ce bindiga ɗaya tak za ta shigo gidanta, a cikin akwatin ƙarfe mai makulli, harsashi kuma a wani wuri daban. Ta ce in na kawo ta biyu, to in zaɓa, ko ita ko bindigar.

Nan matsalata ta fara. Bindigar farauta kowace da girman harsashin da take ci, kuma da lamba ake kiransu. In ka saya, ka sayi wannan lambar ke nan har abada. Ni kuwa burina yana da faɗi. Ina son ƙananan barewan nan na fadamun gabashin jihar, waɗanda ba su fi akuya ba. Ina son barewar da aka saba. Sannan Baturen ya sa mini kwaɗayin wata ƙatuwar dabba ta jihohin yamma da suke kira elk, wadda namijinta ya kai ɗan sa. Kuma dole harsashi iri ɗaya ne zai yi duk wannan aikin. Na shafe makonni ina karatu a cikin jirgi, ina kallon bidiyo, kowa da abin da yake yabo. Daga ƙarshe na tsayar da uku: ƙarami mai lamba 243, matsakaici mai lamba 308, da babba da ake kira 300 magnum. Zuciyata tana kan babban. Hujjata ita ce abin da ya kayar da sa ai akuya ba za ta gagare shi ba. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba kuwa, so nake in na fito da shi a gaban Turawa su san namiji ya zo.

Ana cikin haka surukina yana gidan, ya yi wata uku. Bayan rasuwar surukata ne matata ta matsa aka kawo shi, don yanar ido ta rufe masa duka biyun. An yi aikin ɗaya ya yi kyau. Na biyun likita ya ce sai sugansa ya sauka. Sugan kuwa ya ƙi sauka, don tsohon ba ya cin abinci a kan lokaci, ba ya motsa jiki, magani ma sai an yi ta lallashi. Daga ɗakinsa sai kujerar da ke bakin tagar falo, carbi a hannu, yana kallon kurmi. Jikokinsa in ya yi musu Hausa su amsa da Turanci su wuce. Kullum maganarsa ɗaya, a saya masa tikiti ya koma gida, ido ɗaya ya ishe shi ganin hanyar masallaci. Sau da yawa nakan tarar da matata a kicin tana share hawaye. Ta ce mini, “Wallahi ina tsoron in ya koma haka, bin ta zai yi.”

Ni kuwa babu abin da zan iya, don tsakanina da shi akwai kunya irin ta surukai. Da safe in durƙusa in gaishe shi, kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri. Ba ma cin abinci tare. In ya shigo falo in tashi in ba shi wuri. Bai taɓa kiran sunana ba, Injiniya yake ce mini. Matata ma 'yar farinsa ce, ita ma ba ya kama sunanta. Ka ga gida ɗan ƙarami, bene ɗaya, amma muna ta kauce wa juna kamar masu wasan ɓuya. Abin da na sani game da shi kawai, ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya. A zatona irin masu rabon dashen itatuwa ne.

Wata Asabar bayan la'asar na baje takarduna a teburin cin abinci. Baturen ya ba ni kwanson harsashi guda uku waɗanda aka riga aka harba, don in gwada girmansu da ido, na jera su a gabana. Na ɗauka tsohon yana sama. Sai kawai na ji motsi a bayana. Na yi zumbur zan miƙe, ya ɗaga hannu alamar in zauna. Ya ɗauki kwanso ɗaya, ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina. Na ga fuskarsa ta sake, kamar wanda ya ji ƙamshin girkin gidansu.

Ya ce, “Injiniya, waɗannan na wace dabba ne?”

Wannan ce tambayar farko da ya taɓa yi mini wadda ba ta gaisuwa ba. Na yi masa bayani ina in'ina, na faɗi sharaɗin 'yarsa, na faɗi dabbobin da nake so. Ya ja kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba in ina wurin.

“To wanne ka zaɓa?”

Na nuna babban.

“Ka taɓa harba shi?”

“A'a Baba, amma na karanta a kansa sosai. Ga ma takardun, ya fi sauran nisa, ya fi su ƙarfi.”

Ya dubi takardun bai taɓa su ba. Ya ce, “Takarda ai ba ta da kafaɗa. Shi abokin naka yana da duka ukun?”

Na ce yana da su. Sannan ya ce, cikin muryar da ba ta so ta zama roƙo, “In za ka je gwadawa, in babu takura, zan bi ka.”

Da na gaya wa matata, sai ta zauna a bakin gado tana kallona. A ranar ne ta ba ni labarin da ban sani ba. Ashe kakanta sarkin baka ne a garinsu, mahaifinta kuma a daji ya tashi. Aikin da gwamnati ta ɗauke shi, na tsaron namun daji ne, shi ake turawa in ɓauna ta addabi ƙauye. Ta ce tun tana ƙarama ya daina zancen, su ma ba sa tambaya.

Asabar ta gaba muka kama hanya bayan asuba. Tafiyar ta kusa awa uku. Ya zauna a baya saboda kunya, ni ina tuƙi kamar direbansa. Ganyen itatuwa duk ya rine, ja da ruwan ɗorawa, yana ta leƙe ta taga da idonsa mai kyau. Da muka fara hawa duwatsu sai na ji yana magana, ba da ni ba kai tsaye, wai wancan kwarin akwai ruwa a ƙasansa, wancan gefen ne dabba za ta kwanta da hantsi.

Baturen ya tarbe mu a ƙofar rumbunsa. Na buɗe baki zan yi tafinta, sai na ji surukina ya gaishe shi da wani Turanci tsaf, irin na mutanen da, kowace kalma a wurinta. Wata uku yana gidana ban san yana jin Turanci ba. Kafin in sauke kaya, tsofaffin biyu sun yi nisa, wannan yana kwatanta ƙahon gwanki da hannu, wancan yana nuna hotuna a waya. Baturen ya yi masa tayin ya gwada harbi, ya ce a'a, shi baƙo ne a ƙasar, takardarsa ba ta harbi ba ce, kuma ya ajiye bindiga da daɗewa. Kallo ya zo yi.

Aka kafa kwali mai zane a taku ɗari, bayansa tudun ƙasa. Muka toshe kunnuwa. Na fara da ƙaramin, harbi uku, ramukan suka taru wuri ɗaya, tafin yaro zai rufe su. Bindigar ba ta ko girgiza ni ba. Na karɓi matsakaicin, ya ɗan ture mini kafaɗa, amma ramukan nan ma ba su rabu ba. Sannan aka miƙo mini babban. Na ja kunama, na ji kamar jaki ya yi mini shuri. Haƙorana suka haɗu. Na daure na ƙara biyu. Da muka je dubawa, rami ɗaya yana sama, ɗaya yana can gefen ƙasa, na ukun ma ba a ga inda ya bi ba. Na ce iska ce ta taso. Alhali ko ganye ba ya motsi.

Duk wannan harbi da nake yi, na lura surukina ba ya kallon kwalin. Yana tsaye a gefena ta dama, fuskata yake kallo. Ya ja Baturen gefe suka yi ƙus-ƙus, sannan ya ce mini, “Injiniya, ƙara ɗaya. Abokinka zai ɗura maka, kai dai juya baya ka huta.”

Na juya, na ji ƙarar ɗuri, aka ba ni. Na kwanta a kan teburin, na saita, na ja kunama. Sai ƙas, babu komai a ciki. Amma ni na riga na runtse ido biyu, na fizgi bindigar ƙasa, na ɗage kafaɗa har kunne. Da ido a rufe na ji kunyar ta sauko mini tun daga ka har ƙafa. Baturen ya juya yana tari don kada ya yi dariya. Surukina bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, “Ka gani? Kafin harsashi ya fita kai ka riga ka gudu. Ba laifinka ba ne, jiki ba ya son duka. Kowa haka yake in an ba shi abin da ya fi ƙarfinsa.”

Azahar ta yi, muka yi alwala a famfon rumbu, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa, ya ja mu salla. Baturen ya shiga gida haɗo shayi. Bayan mun shafa addu'a na yunƙura zan ba shi wuri, ya ce in zauna. Yana kallon duwatsu ya fara magana.

Ya ce yana saurayi, bindigar mahaifinsa adaka ce guda ɗaya, da ita aka ci da gidan. In gada za a harba a rage albarushi, in gwanki ne a ƙara. Da ya shiga aikin gwamnati sai ya ga wata ƙatuwar bindiga a ma'ajiya, ta harbin giwa. Ya ƙwallafa rai a kanta. Wata rana aka ba su izinin harbin gwanki ɗaya, ya nace sai da ita zai fita, alhali sau ɗaya ya taɓa harba ta kuma tsoronta yake ji. Ya samu gwankin a fili, a tsaye, kusa. Ya saita haƙarƙari, ya ja, ya runtse ido kamar yadda na yi. Gwankin ya ruga.

“Kwana biyu ina bin jini,” in ji shi. “Ran na uku na same shi a bakin rafi. Ashe a muƙamuƙi na same shi, ya karye yana lilo. Ga ruwa a gabansa, yana sa baki, ba ya iya sha. Ya ɗago ya dube ni, bai ko gudu ba.”

Ya ja carbinsa. Ya ce, “Na ƙarasa shi, na yanka, amma ban iya cin naman ba. Na yi shekaru da yawa a daji bayan nan, na harbi abin da aiki ya sa ni, amma ban sake ɗaukar bindigar da nake tsoro ba. Allah ya halatta mana naman, Injiniya, bai halatta mana azabtarwa ba. Ko uwar yaran nan sau ɗaya na ba ta labarin.”

Da ya ambaci marigayiyar sai muryarsa ta karye. Na sunkuyar da kai, na ce Allah ya jiƙanta. Ya ce amin, ya goge idonsa da bakin hannun riga.

Da Baturen ya dawo da shayi na ce to tunda haka ne, ƙaramin zan saya, tunda da shi na fi iya saiti. Surukina ya girgiza kai. Ya tambayi Baturen girman dabbar nan ta yamma, da kaurin fatarta, da faɗin ƙirjinta. Da aka gaya masa ya ce, “Wannan ai gwanki ne har da ɗori. Ƙaramin zai yi maka a kan barewa, amma a kan wannan sai gwani, kai kuwa yanzu ka fara. Zai shiga bai kai inda ake so ba, ka koma gidan jiya.” Ya ɗauki harsashin 308 ya auna shi a tafin hannu. Ya tambaya ko ana yin sa mai sauƙi da mai nauyi. Baturen ya ce ana yi, kala-kala. Ya tambaya ko ana samunsa a kantin ƙauye, ko sai an je birni. Baturen ya ce da wuya ka shiga kantin kayan farauta a ƙasar nan ka rasa shi.

“To shi ke nan,” in ji surukina. “Mai sauƙi ga ƙanana, mai nauyi ga manya, bindiga ɗaya, kafaɗa ɗaya. Abin da ya rage, kada ka harbi abin da ya yi maka nisa. In ya yi nisa, ka matsa. In ba ka iya matsawa, ba rabonka ba ne.”

Baturen ya ce shekara da shekaru yana gaya wa matasa wannan magana, ba mai saurare. A hanyar dawowa surukina ya buɗe ƙofar gaba ya zauna kusa da ni.

Na sayi 308 ɗin. Daga nan gidanmu ya canza. Duk Asabar muna filin gwajin harbi, yana zaune a bayana da abin toshe kunne a kan hularsa, in na gama ya ce na yi gaggawa, ko na riƙe numfashi da yawa. In na dawo daga aiki da sauran rana, sai in same shi a shirye da takalmi, mu zaga bakin kurmin unguwa. Ya nuna mini sawu, ya ce wannan mace ce, wannan namiji ne kuma yana ɗingishi. Ya koya mini in saki busasshiyar ciyawa in ga inda iska ta nufa. Tafiyar nan ta sa yunwa ta fara kama shi. Matata ta ce ran nan har ƙari ya nema. Magani kuwa da kansa yake tambaya, wai ba ya so jiri ya ɗebe shi a daji. Zancen tikiti ya mutu ba tare da kowa ya kashe shi ba.

Da aka buɗe lokacin farauta, sanyi ya riga ya sauka. Muka kwana a gonar Baturen. Doka ta ce duk wanda ya shiga daji ya sa riga mai launin lemo don kada a ɗauke shi dabba. Har yau in na tuna surukina da doguwar riga, da rigunan sanyi uku, da falmaran mai launin lemo a sama, sai in yi murmushi ni kaɗai. Muka shiga wata 'yar bukkar katako a bakin gona, mai kujera ɗaya doguwa. Wurin ya yi ƙanƙanta har kafaɗata tana gugar tasa. Mun manta kofi ɗaya a mota, ya zuba shayi a murfin fulas ya kurɓa, ya miƙo mini. Na yi jim. Ya ce, “Sha mana. A daji babu suruki.”

Gari ya waye sosai sai ga wani namiji ya fito daga can ƙarshen gonar, ƙahonsa kamar reshen bishiya. Na ɗora bindiga, na same shi a cikin madubin saiti. Yana da nisa ƙwarai, kuma rabin jikinsa yana fuskantarmu ne. Yatsana ya kai kan kunama, sai na ji hannun tsohon a kan damtsena. Bai matsa ba, ɗorawa kawai ya yi. Muka zauna muna kallo har dabbar ta gama kiwo ta shige kurmi. Ba zan ɓoye ba, na ji haushi. Har yamma ba mu sake ganin komai ba. Da muna komawa ya ce, “Ka yi farauta yau.” Na ce ai ban harba ba. Ya ce, “Shi ya sa.”

Washegari muka koma. Hantsi ya fara ɗagawa, ƙanƙarar da ta kwanta a ciyawa tana narkewa, sai wani matashin namiji ya ɓullo ta hagu, ƙahonsa 'yan ƙanana, bai fi taku saba'in ba. Ya tsaya ya ba mu gefe sosai. Na jira in ji hannu a damtsena, ban ji ba. Sai raɗa a kunnena: “Bayan kafaɗa. Yi bisimilla. Kada ka rufe ido.”

Na ce bismillahi Allahu akbar, na ja a hankali. Na ga lokacin da harsashin ya same shi, don idona a buɗe yake. Ya yi tsalle, ya yi taku kaɗan, ya faɗi. Na cire sauran harsashi kamar yadda aka koya mini, muka nufe shi. Tsohon da ake lallashi ya sauko bene, sai ga shi yana gabana. Mun same shi da sauran rai kaɗan. Surukina ya karɓi wuƙa, ya juya shi alƙibla, ya yanka da hannu ɗaya mai sauri. Sannan ya tsuguna yana shafa wuyan dabbar, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya duba inda harsashin ya shiga, ya sa yatsa.

Ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa. Ya ce, “Alhamdu lillahi, bai sha wuya ba. Allah ya yi maka albarka, ɗana.”

Ni marayan uba ne tun ina firamare. Na manta rabon da wani namiji ya kira ni da wannan kalma. Na juya kamar ina neman igiya a jaka, don kada ya ga fuskata. Ina jin ya gani, sai ya shiga yi mini bayanin yadda ake farke ciki ba a fasa tumbi ba, ya yi ta magana har na dawo daidai.

Na yi rajistar dabbar ta waya kamar yadda doka ta tanada, muka feɗe a rumbun Baturen, surukina ya ware masa cinya guda, ya ce al'adar maharba ce, mai daji yana da rabo. A gida ya hana kowa taɓa naman. Shi ya kasa shi, ya ce a kai wa maƙwabta, a kai wa wani direban tasi ɗan Nijar da ke zaune a garin Landover, da suke gaisawa a masallacin Juma'a, wanda matarsa ta haihu. Sauran ya yanyanka fale-fale, ya aike ni neman ƙuli-ƙuli da kayan yaji, ya yi kilishi a cikin oven, wato tandun gashi na kicin, yana ta ƙorafin cewa ƙasar nan ba ta da rana. Da aka gama gasa na gashi, ya sa aka zuba a tire ɗaya, ya kira ni muka ci tare. Matata ta tsaya a ƙofar kicin tana kallonmu, hannunta a baki.

Bayan 'yan makonni likita ya ce sugan ya sauka, aka yi aikin ido na biyu. Ya zauna da mu har bazara, sannan ya koma gida da ƙafarsa da idanunsa biyu. Ya ƙara shekara huɗu a duniya. Muna waya duk Juma'a, ni da shi, ba sai ta hannun 'yarsa ba. Na je yamma daga baya tare da Baturen, na kwana biyar ina hawa duwatsu, na ga dabbar da nake mafarki sau biyu, duka daga nesa, na dawo ban harba ba. Da na gaya masa a waya sai da ya yi dariya har da tari, ya ce yanzu na zama maharbi.

Abin da na koya bai tsaya kan bindiga ba. Na gane cewa abin da ya fi girma ba shi ne ya fi amfani ba, abin da mutum zai iya riƙewa da natsuwa shi ne nasa, a farauta ko a wani sha'ani na rayuwa. Amma babban darasin game da tsofaffinmu ne. Muna kawo su ƙasar nan, mu ba su ɗaki mai ɗumi da magani da abinci, mu ɗauka mun gama. Wata uku muna yi wa surukina hidima yana ƙara ramewa, don kowa yana ba shi, babu mai neman komai a wurinsa. Ni ma ban nema ba, shi ya zo ya same ni, kuma kunyar da nake taƙama da ita ta kusa sa in rasa uba yana zaune a falona. In akwai dattijo a gidanku da ya yi shiru, kada ku tsaya kan tambayarsa me yake so. Ku nemi abin da ya sani, ku je ku zauna ku tambaye shi tun yana nan.